Iskar da Ta Shiga Kwalbar Sabitu

Kurfi, 6 ga Fabrairu, 1983

Zuwa ga Yayan Larai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya sanyin Ingila? Mu nan sai godiyar Allah. Mahaifinka Malam yana gaishe ka, jikin nasa da sauƙi, ɗan ciwon cikin nan ne da ka sani yake taɓa shi jefi-jefi. Ƙanwarka Larai ta koma makaranta.

Wata biyu cur ban ga takardarka ba. Ban koya maka haka ba. Wanda yake da hannun rubuta littafi yana da hannun rubuta wa iyayensa layi biyar. Hoton da ka aiko ƙarshen shekara na gani, na kuma ga sumar da ka tara. Ban nuna wa kowa ba. Ko wanzami ne babu a ƙasar, ko kunya ce babu, kai ka sani.

Abu biyu nake so. Na farko, ranar dawowarka. Ka ce ƙaramar Salla za ka yi a gida. Ina son rana da wata a rubuce, ba “in an gama” ba. Shekara huɗu ta isa.

Na biyu, Malam yana son ka bayyana masa aikin nan naka da Hausa. Duk wanda ya tambaye shi a zaure sai ya ce ƙarfe kake aunawa. Rannan Alhaji Mahmuda ya ce masa ai maƙeran Kurfi ma suna auna ƙarfe, ba su hau jirgi ba. An yi ta dariya, shi ma ya yi, amma na san ya ji ciwo. Ka rubuta dalla-dalla. Ni ma na yi kimiyya har aji biyar, kada ka tsallake komai don kana ganin ba za mu gane ba.

Ka riƙe salla. Duk abin da za ka sa a littafin nan, ya zama abin da idonka ya gani.

Mahaifiyarka,
Rahamatu

*

Kurfi, 6 ga Fabrairu, 1983

Ƙanena Rabe,

Ina gaisuwa. Ya Dutsin-Ma, ya aikin asibiti, ya Mairama da yara? Sodangi direba zai ba ka wannan tare da wata ta Ingila. Ka kai ta gidan waya da hannunka.

Ranar Alhamis muka dawo daga Katsina. Likita ya ja ni gefe. Hanta ce, kamar yadda ka yi zato, kuma ta yi nisa. Na tambaye shi lokaci, ya ce lokaci na Allah ne. Na ce na sani, abin da ya gani nake tambaya. Ya ce da wuya Malam ya ga girbin bana.

A mota Malam ya ce da ni, “Malama, na gan ku ke da likita kuna ƙus-ƙus kamar masu cinikin akuya. Ba sai kin faɗa mini ba. Abu ɗaya nake so, kada yaron nan ya ji. Saura masa wata biyar. In ya ji, zai watsar da shekara huɗu ya taho, kuma tikitin dawowa sau ɗaya hukuma take bayarwa.” Na ce to. Ya ce “to” ba ta ishe shi ba, alkawari yake so. Na yi masa.

Kai ma ka san ba a aika wa na nesa labarin ciwo. Haka muka taso. Yuli ba ta da nisa, in Allah Ya yarda zai iske shi. Saboda haka kada ka cusa wata 'yar takarda a cikin ambulan ɗin. Na san halinka.

Yayarka,
Rahamatu

*

Dutsin-Ma, 8 ga Fabrairu, 1983

Yaya,

Mun kwana lafiya. Allah Ya ba Malam sauƙi. Na kai takardar, ban cusa komai ba, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Ga nawa ra'ayin, ki yi mini faɗa daga baya. Sabitu, bari in faɗi sunan tunda ke kunyar ɗan fari ta hana ki, ba yaro ba ne. Shekararsa ashirin da tara. Wannan al'adar an yi ta lokacin da mai tafiya Makka a ƙasa yake shekara bakwai, ko ya ji babu abin da zai iya. Yanzu jirgi kwana ɗaya ne. Amma ke ce babba, kuma kin yi alkawari.

Zan zo Juma'a da allurar rage zafi. A dafa mini dambu, ba na aiki da yunwa.

Ƙanenki,
Rabe

*

Ingila, 2 ga Maris, 1983

Inna,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa ina gaishe ki. Na ji daɗi da jikin Baba ya yi sauƙi, a ce masa ya rage yaji. A gaida Larai da Kawu Rabe. Ki yi haƙuri da shiruna, rubutun littafin ne ya haɗiye ni. Suma kuma na aske ranar da takardarki ta zo.

Ga bayanin Baba. Ƙarfen sunansa filatinam. Fari ne, ya fi zinariya wuyar samu. Amfaninsa shi ne yana sa abubuwa biyu su haɗu su zama wani abu dabam, shi kuwa bai ragu ba. Da shi ake gyara fetur a matatar mai. Saboda ƙarancinsa ba a sa shi a dunƙule. Ana barbaza shi bisa wani farin gari mai kama da alli, ɓurɓushi ƙanana, har madubin duba ƙwayoyin cuta na asibitin Kawu Rabe ba zai gan su ba. Kowane ɓurɓushi ƙwayoyin zarra ne kamar ashirin ko talatin.

A cikin babban ƙarfe ƙwayoyin nan a jere suke, tazara ɗaya tsakanin kowace da 'yar'uwarta, kamar shukar da Baba yake yi da igiya a gonar Tamawa. Tambayata ita ce, a ɗan ɓurɓushi ma haka suke?

Yadda nake yi, in zuba garin a 'yar kwalba, in gasa shi cikin iskar haidurojin ya wanku, in zuƙe duk iskar ciki har ba saura, in toshe. Sai in kai shi wani gari inda akwai babbar na'ura mai haske irin na hoton ƙashi, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Hasken yana nuna mini tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin. Masu son na'urar suna da yawa, mu sau biyu a shekara ake ba mu, kwana uku-uku.

Abin da na gano, a ɗan ɓurɓushi babu jeri. A birkice suke. Sau huɗu na auna, sau huɗu haka. Farfesan da nake ƙarƙashinsa ya ce babu wanda ya taɓa nuna wannan ƙarara. A faɗa wa Alhaji Mahmuda in maƙeran Kurfi za su iya ƙirga mini ƙwayoyin zarrar da ke bakin fartanya, gobe zan dawo in kama zuga.

Zan miƙa littafin ranar 27 ga Mayu, a yi mini tambayoyi ƙarshen Yuni. Ranar 8 ga Yuli in sauka Kano in Allah Ya so. Kin ce a rubuce, ga shi a rubuce.

Ɗanki,
Sabitu

*

Ingila, 21 ga Afrilu, 1983

Inna,

Ina gaishe ki. Na samu takardarki ta ƙarshen Maris, na gode Allah da Baba yana samun sauƙi har kin ce an je gona da shi. Ni lafiyata ƙalau, amma kwana uku ban iya cin abinci ba.

Ranar Litinin ina wanke kwalbar nan, hasken taga ya faɗa mata, sai na ga tsaga a wuyanta, siririya kamar gashi. Kwalba ɗaya nake aiki da ita tun farko. Ni na hura ta da kaina a shekarata ta fari, ina alfahari da ita, ko an ba ni wata ba na karɓa.

Na tuna zuwanmu na ƙarshe wurin na'urar, sa'a uku ta rage mini, na zuba garin a kwalbar wani abokin aiki don kada lokacin ya tafi a banza. Ban ko duba sakamakon ba. Na ɗauko shi na duba. Inna, a jere suke. Har sun fi na babban ƙarfe matsuwa da juna, kamar 'yan tsakin da suka takure wuri ɗaya.

Wato tun farko iskar waje tana shiga kwalbata ta tsagar nan. Iskar oksijin ce take zama bisa ɓurɓushin, ta janye ƙwayoyin saman, ta birkita su. Ni kuma na rubuta cewa halin ƙarfen ne haka. Babi uku na littafina a kan wannan suke tsaye.

Babu wanda ya sani. Kwalbar tana aljihun rigata. In na yi shiru, littafin zai wuce, domin Farfesa ya riga ya karanta ya yaba, in dawo 8 ga Yuli kamar yadda na ce. In na faɗa, sai an sake awo duka. Na'urar ba za ta dawo gare mu ba sai Oktoba, rubutu kuma sai Maris na baɗi.

Na san abin da kika koya mini. Amma na yi miki alkawarin rana, shi ya sa nake tambaya. Tunda Baba ya ji sauƙi kuma kowa lafiya, wata takwas ba za su cuci kowa ba sai girman kaina. Amma in akwai wani abu a gida da yake bukatata, don Allah ki faɗa mini gaskiya, in san abin da nake aunawa. Zan jira amsarki har safiyar 27 ga Mayu.

Ɗanki,
Sabitu

*

Kurfi, 15 ga Mayu, 1983

Rabe,

Ina gaisuwa. Allurar ta ƙare tun Alhamis, ƙafafun Malam sun ƙara kumbura, kunu kawai yake sha.

Jiya Sodangi ya kawo takardar yaron. Kwana ashirin da uku ta yi a hanya. Na haɗo maka ita ka karanta, don ba zan iya maimaitawa ba.

Malam ya ce in karanta masa. Na karanta gaisuwa, na tsallaka ƙarshe. Ya ce, “Malama, takarda shafi uku, kin gama kafin in haɗiye kunu? Hanta ce ta lalace, ba ido ba.” Dole na karanta duka.

Ya ce, “Kwalbar tasa ce ta tsage?” Na ce e. “Shi ya hura ta, kuma ya ƙi ta kowa?” Na ce haka ya rubuta. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, “Ɗanki ne, babu ko shakka. Rubuta masa ya je ya faɗa wa malaminsa.”

Na ce, “Malam, Maris fa ya ce.”

Ya ce, “Na ji. Na iya ƙirga wata.”

Na ce, “Ba za ka kai ba.”

Rabe, shekara talatin da ɗaya ban taɓa faɗa masa magana irin wannan ba. Bai yi fushi ba. Ya ce, “To in ya zo mini da takardar ƙarya, in tashi in rungumi me?” Na ce aƙalla ya sake ni daga alkawarin, yaron ya zaɓa da kansa. Ya ce in yaron ya sani, ba zai zaɓi gyara ba, ba zai zaɓi ƙarya ba, jaka zai ɗauka ya bar musu komai. Ya juya fuska bango.

Na rubuta wa yaron. Ba abin da Malam ya ce na rubuta ba. Kada ka buɗe. Na san za ka ce a buga tangaraho tunda saura kwana goma sha biyu. Ba zan iya ba. Magatakardan gidan waya zai karanta kowace kalma, 'ya'yansa biyu kuma a ajina suka yi. Ka kai ta yau, ka roƙi Allah ta yi sauri.

Yayarka,
Rahamatu

*

Kurfi, 15 ga Mayu, 1983

Yayan Larai,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Malam da sauƙi.

Na karanta takardarka. Ka miƙa littafin yadda yake, ka dawo ranar da ka ce.

Ba ƙarya ka yi ba lokacin da ka rubuta shi. Abin da na'ura ta nuna maka ka rubuta. Kuskure daban, ƙarya daban. Malaminka ya karanta ya yaba, shi ne babba, ba kai za ka koya masa aikinsa ba. In ka dawo ka huta, sai ka rubuta masa daga nan ka ce ka lura da wani abu, a gyara a hankali. Ƙarfen ba zai gudu ba.

Alkawari ma gaskiya ne, kuma ka yi wa iyayenka alkawarin rana. Hakkin iyaye yana gaba da hakkin kwalba. Ita kwalbar ka jefar da ita inda ake zubar da fasassu.

Kada ka yi mini gardama, kada ka tambaye ni dalili. Ban saba maimaita magana ba.

Mahaifiyarka,
Rahamatu

*

Ingila, 27 ga Mayu, 1983

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da kowa da kowa.

Yau da safe na tsaya a bakin ƙofa har mai kawo wasiƙu ya wuce. Babu taki. Da farko na ji haushi. Sai na tuna ranar da na tambaye ki ko in mayar da alƙalamin da na tsinta a aji, kika kalle ni kawai kika ci gaba da tankaɗe. Na gane. Tambayar da bai kamata a yi ba, ba kya amsa ta. Kuma da a ce akwai matsala a gida, na san da kin buga tangaraho.

Na shiga ofishin Farfesa na ajiye masa littafin da kwalbar tare. Ya ɗaga ta ga taga, ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Tun yaushe ka sani?” Na ce wata ɗaya da kwana tara. Ya ce, “Wa ya sani bayan kai?” Na ce mahaifiyata. Ya ce, “Ita ma masaniyar kimiyya ce?” Na ce malamar firamare ce, amma ta fi shi tsanani.

Ya yi mini faɗa sosai, na cancanta. Bayan ya huce ya jera sakamakon biyu bisa tebur, ya ce in duba da kyau. Ƙarfe ɗaya, gari ɗaya, siffa biyu, bambancin kawai iskar da ta zauna a kansa. Ya ce tambayar da ya kamata mu yi ke nan tun farko. A Oktoba za mu auna shi tsirara, mu auna shi da haidurojin, da oksijin, da iskar nan mai guba ta gawayi, mu ga yadda kowace take juya shi. Ina zaton haidurojin zai sassauta matsuwar ya mai da su tazararsu ta asali, amma wannan karon ba zan rubuta ba sai na gani. Da kwalba uku, kuma ba ni zan hura su ba.

Saboda haka sai Maris. Ki ba Baba haƙuri. Ki ce masa na yi abin da zai iya faɗa a zaure.

Ɗanki,
Sabitu

*

Ingila, 6 ga Yuni, 1983

Inna,

Takardarki ta 15 ga Mayu ta zo yau. Na karanta sau biyar. Rubutun hannunki ne, amma ba ke ba ce. Matar da ta sa na taka mil biyu cikin rana don in mayar da alƙalami ba za ta ce in jefar da kwalba ba, sai in akwai abin da ya fi ƙarfinta.

Na fito da takardunki na bana duka na jera. Kowace ta ce Baba da sauƙi. Tun Disamba bai sa hannu ko a ƙasan guda ɗaya ba, shi da ba ya bari a liƙe ambulan sai ya rubuta mini addu'a da ajami. Ban lura ba sai yau.

Me ya sami Baba? Na buga wa Kawu Rabe tangaraho yanzu. In ya ce in taho, gobe zan karɓi tikitina, karatun ya tsaya inda ya tsaya.

Sabitu

*

Kurfi, 30 ga Yuni, 1983

Yayan Larai,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa Malam rasuwa ranar Talata, goma ga azumi, bayan azahar. An yi sadakar bakwai shekaranjiya. Larai tana wurina. Kawunka ya ce zai rubuta maka, na ce a'a, ni ce ya kamata.

Takardarka ta shida ga wata jiya ta zo. Ka yi tambaya, ga amsa. Ciwon hanta ne. Na sani tun uku ga Fabrairu. Zuwa gonar da na rubuta maka, a amalanke aka kai shi, ya kalli ƙasar, aka dawo da shi.

Tangarahonka ya iso hannun kawunka ranar takwas ga wata. Ya hau babur ya zo da shi nan, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce shi ba zai amsa ba, a nemi wani. Malam ya ce, “Kawo alƙalami, ai ni aka tambaya.” Hannunsa bai iya riƙewa ba, sai ya faɗa, Rabe ya rubuta yana kuka. “Lafiya lau, gama aikinka,” da ka samu, maganar mahaifinka ce. Ina tsaye a wurin. Kalma ɗaya daga bakina da ta isa ka iske shi. Ban faɗa ba.

Takardarka ta 27 ga Mayu ta same shi da rai. Na karanta masa, ban tsallake komai ba. Da na zo inda ka ce na fi Farfesa tsanani ya ce, “Wallahi yaron ya san aikinsa.” Ya sa na maimaita masa wurin iskar sau biyu. Ya ce, “Ashe har ƙarfe, wanda ya zauna masa a ka shi yake juya shi. Ni ma shekara talatin iskar Malama ke bisa kaina, shi ya sa na miƙe.” Ya aika aka kira Alhaji Mahmuda, ya ce in sake karantawa a gabansa. Da na gama ya ce masa, “Ka ji. Nawa ya kai kansa ƙara, ba wanda ya kama shi.” Ranar ya sha kunu kofi guda.

Bai san da takardata ta 15 ga Mayu ba. Shi cewa ya yi in umarce ka ka faɗi gaskiya. Ni na juya maganar a bayansa. Ya rasu yana zaton tarbiyyata ce ta yi aiki, alhali jinkirin wasiƙa ne ya tsare ka daga uwarka. Shirun da ka ɗauka amsa ce, ba amsa ba ce. Da takardar ta zo da wuri, ban san abin da za ka yi ba, kuma ba na son in sani.

Kada ka taho yanzu. Babu abin da za ka tarar sai kabari, kabari kuwa zai jira Maris. Ka tsaya ka yi awon nan da kwalabenka uku. Wannan umarnin mahaifinka ne, kuma wannan karon na isar da shi yadda ya faɗa.

Zan iya cewa alkawari ne ya ɗaure ni, kuma haka kowa yake yi wa na nesa. Mata sun cika ɗakin nan suna gaya mini haka tun ranar Talata. Amma ka ce in faɗa maka gaskiya don ka san abin da kake aunawa, na hana ka. Shekara ashirin da tara ina tuhumarka a kan gaskiya, sau ɗaya ka nemi tawa, ba ka samu ba.

Ka yafe mini. Ban taɓa roƙon ɗa gafara ba, ban san yadda ake yi ba. Na dai rubuta.

Mahaifiyarka,
Rahamatu